Kiɗan China a Karajin Yajina

Ni ce Khadijatul Kubra, wadda duk unguwar Kudai ta nan Makka ta sani da Hajiya Kubra mai yaji. Ban taɓa zama a aji ba, amma daga nan har unguwar Rusaifa babu mai tsiren da zai hura wuta bai aiko an karɓi yajina ba. Da shi na aurar da 'ya'yana, da shi kuma na ciyar da jikana Abdulwadud har ya yi gemu ya haura talatin, ba tare da ya taɓa riƙe sana'a ɗaya ta shekara a hannunsa ba. Labarinsa zan ba ku, don na ji yana ba da shi a wurin mai shayi ta wata fuskar da ba ita ba.

Yajin nan a karaj nake haɗa shi, wato garejin da ke ƙasan benen da muke haya. Mai benen, Ammu Turki, ya yi wa marigayi maigidana alkawarin ba zai tashe ni daga wurin ba muddin maƙwabta ba su kai ƙara ba. Tun da motocin alhazai suka yawaita a layinmu yake nadamar alkawarin nan, don wani mai turare, Abubakar, ya ƙyalla ido a kan wurin, yana so ya mai da shi shagon ud da miski. Kullum sai Turki ya tsaya a bakin ƙofa yana baza hanci, ko Allah zai sa wani ya yi tari ya samu hujja. Ni kuwa kowane daro na garin barkono da zanensa a kai, na ɗaure bakinsa tam. In karaj ya tafi, sana'ata ta tafi, don ba a haɗa yaji a falo.

To, ana saura 'yan watanni aikin Hajji kawunsa ya tura Abdulwadud China ya saro akwatuna da dardumar sallah da carbi. Ya dawo da rabin kayan. Madadin ragowar rabin sai ga jita mai amfani da wuta, da wata sifika mai tsayin firij, sai da ƙarti uku suka hau da ita bene.

"Uwargida ran gida," in ji shi. In ya kira ni haka, to akwai abin da yake so. "Zamanin sayar da carbi ya wuce. Na gano abin da China za ta ci duniya da shi."

"Ai ta riga ta ci. Butar da kake alwala da ita daga ina ta fito?"

"Ya Sitti," wato kaka kenan da Larabcin nan, "bar zancen buta. Pank!"

"Allah ya raba mu. Ciwo ne?"

"Kiɗa ne. Kiɗan karaj."

Ya zauna ya miƙe ƙafa yana ba ni labari. Wai wani dare abokin cinikinsa ya shigar da shi wani rami a ƙarƙashin gini, ya tarar da samari huɗu da budurwa ɗaya suna dukan kayan kiɗa kamar sun kama ɓarawo. Sunan ƙungiyarsu, in an juya shi da Hausa, wai Ɓerayen Ƙarƙashin Gada. A garejin uban ɗayansu suka fara, yau ga shi sun yi wasa a Turai, sun yi a Amurka, Turawa na ihu da yaren da ba sa ji. Kuma irinsu suna nan birjik a manyan biranen ƙasar. Wai ya ci taliya da shugabansu, har sun yi musayar lambar waya.

"Ka iya kaɗa abin?" na tambaye shi.

"Nan ne sirrin, Sitti! Ba sai ka iya ba. Wanda ya iya ma ɓata abin yake yi. Zuciya kawai ake so, da maƙogwaro."

Na ce alhamdu lillahi, yau dai an ƙirƙiro sana'ar da ta dace da jikana.

Bai ji zafin maganar ba. Ya ce shi ne zai zama na farko da zai yi pank da Hausa, Ɓerayen za su gan shi a waya, su ɗauke shi ya riƙa buɗe musu wasa, daga Jidda sai Bejin, daga Bejin sai inda jirgi ya gaji. Abu ɗaya ya rage masa.

"Karaj," na ce.

"Kin gani? Shi ya sa nake sonki."

"Ka taka ƙofar karajin nan da wannan firijin, sai na karya maka ƙafa, in kai ka asibiti da kaina."

Ya ce a bar maganar tukuna, zai fara da shiga, don wai a pank shiga ita ce rabin aiki.

Gashi ya fara tarawa. Ya daina aski har kansa ya koma kamar na mai jinya, yana so a aske gefe da gefe a bar tsakiya a tsaye kamar zankon zakara. Da gashin ya isa, maimakon ya nemi wanzamin samari, sai rowa ta kai shi wurin masu askin nan na kusa da Harami, waɗanda tun safe har dare aikinsu sauke gashin masu Umra. Mutumin da ke aske kai ɗari kafin azahar ina ya ga lokacin kallon hoto? Abdulwadud ya zauna, ya sa hannu a aljihu zai ciro waya ya nuna samfur, kafin ya ciro an riga an bi ta tsakiyar kan da inji. Ya dawo gida kai tal-tal yana sheƙi, wanzamin har da yi masa addu'ar Allah ya karɓi ibada.

"Umra maƙbula," na ce masa.

"Akwai 'yan pank masu ƙwal-kwabo," in ji shi. "Su ne ma suka fi tsanani."

Sai tufafi. Na shiga ɗakinsa ɗaukar wanki, na tarar da wanduna uku sababbi fil duk sun yage a gwiwa, da riga an huda ta an sossoke da fil. Na ce oho, ɓera ya shigo gidan nan. Na zauna da zare da allura na ɗinke su tsaf, na yi musu maho da ƙyallen atamfa, filallukan na zuba a gwangwanina. Da ya dawo ya gani sai ya dafe ƙwaryar kan nan.

"Sitti! Wuni guda na yi ina yaga su da reza!"

"Ni ma wuni guda na yi ina ɗinkewa. Mun yi canjaras."

"A China haka ake sawa!"

"A China ba su san kakarka ba. A nan in aka gan ka da gwiwa a waje, ni za a zaga."

Rigar fata baƙa ce kaɗai ta tsira, ita ma don ban ga inda ta yage ba. Ita ya riƙa sawa yana yawo a zafin Makka, zafin da in ka bar man shanu a taga kafin ka juyo ya zama ruwa. Gumi na bin ƙafar wandonsa, yana cewa fasaha sai da sadaukarwa.

Makaɗi kuma ya samo Hadi, direban bas ɗin alhazai, abokinsa tun suna yara. Hadi bai taɓa riƙe ganga ba, amma Abdulwadud ya ce mutumin da ke danna hon tun asuba ba za a koya masa damun jama'a ba. Ganguna ba su samu ba, sai suka hau rufin bene da tukwanena biyu na biki da faranti.

Ina kicin na ji abin. Na farko na zaci mukayyif ɗin maƙwabta ne, na'urar sanyaya ɗaki, ya faɗo daga taga. Sai na ji murya tana kururuwa, "Zafi! Zafi! Haya! Zafi!" Wai waƙar kenan, shi ya tsara ta da kansa. Tantabarun unguwa suka tashi gaba ɗaya. Kafin in kai matakala sai ga maƙwabcinmu Malam Jibril, Bakano ne da ya zo karatun hadisi ya zauna da iyalinsa, yana hawa da sauri ba takalmi, da gorar ruwa a hannu.

"Hajiya, tun yaushe abin ya kama shi?"

"Tun da ya dawo daga China."

"La haula! Na can sun fi taurin kai. A riƙe min shi."

Ya tarar da Abdulwadud a durƙushe yana girgiza kai, ido a rufe, jijiyar wuya ta miƙe. Malam bai tsaya tambaya ba ya fara tofi yana yayyafa masa ruwa.

"Ya Shaikh, lafiyata ƙalau! Waƙa nake yi!"

"Haka suke cewa dukkansu," in ji Malam, ya ƙara masa ruwa.

Da aka fahimci juna, Malam Jibril ya fi jin haushi a kan da. Ya ce da aljani ne da da sauƙi, don shi ana iya fitar da shi. Ya ce darajata ce ta sa ba zai je wurin Turki ba, amma in ya sake jin wannan abin, ko da rabin sauti ne, zai je. Na kwashe tukwanena, ɗaya ta loɓa a gindi, na ce wa Abdulwadud maganar pank ta mutu a gidan nan.

Ya ce, "Khalas, Sitti. An gama."

Da ya amsa da sauri haka ya kamata in gane.

Ranar wata Asabar na tafi suna Rusaifa tun da hantsi. A karaj na bar daro shida na garin barkono, na cinikin lokacin Hajji ne, an niƙa shi lukui kamar hoda, yana jiran in haɗa shi da ƙuli-ƙuli da citta da masoro. Abin da ya faru a bayana ba labari aka ba ni ba. Na gani a waya daga baya, kamar yadda rabin duniya ta gani.

Ashe ya shirya da Ɓerayen nan za su kalle shi kai tsaye, su da mabiyansu, bayan azahar ɗinmu, lokacin su can sun tashi daga aiki. Kuma wai ya yi tunani. Tun da ƙara ce matsalar, sai a hana ƙara fita. Hadi ya kwaso tsofaffin katifun da wani masaukin alhazai ya zubar, suka jera su a bango, suka sauke ƙofar ƙarfe suka danne ta da katifa biyu da tebur. Suka ga akwai 'yan kafofi a ƙasan ƙofa da gefen taga. Da me za a toshe? Sai idon jikana ya faɗa kan zannuwan da na ɗaure bakin darukan da su. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya cusa a kafofin.

Yaron da ya tashi a gidan yaji! Tun yana rarrafe nake ce masa ba a buɗe daro sai an kashe fanka.

Mukayyif ɗin karaj ya daɗe da mutuwa, Turki ya ƙi gyarawa don in gaji in tashi. Zafi ya ishe su, ga rigar fata, sai suka kunna babbar fankar nan ta tsaye suka juya ta bango. Sifikar kuma suka rasa inda za ta zauna sai a kan benci ɗaya da darukan.

Ya jingina waya, ya gyara tsayuwa, ya yi wa mutanen China sallama da kalma biyun da ya iya. Ya ce da Hausa, "Ku shaida, yau za a kafa tarihi." Ya ƙure sauti, ya daki jita.

Na ga abin da idona. Garin barkonon nan ya yi tsalle daga daro kamar an kira sunansa. Bugu na biyu ya tashi sama. Fanka ta karɓa ta raba wa kowa. Kafin a kai ga "Haya!" hoton ya koma ja.

Jama'a, na ji kukan mai naƙuda, na ji na raƙumin da za a soke, ban taɓa jin abin da ya fito daga maƙogwaron Abdulwadud ba. Yana so ya ce a kashe fanka, abin da ke fita ihu ne. Hadi ido ya rufe, yana lalube da sanduna yana dukan duk abin da ya samu, tukunya, bango, daro, ƙwaryar kan abokinsa. Kowane duka ya ƙara tayar da gari. Abdulwadud ya faɗi da jitar, ta kama wani kuka mai tsini, yana birgima a ƙasa yana shure-shure. A gefen hoton kuwa 'yan China sai turo zanen wuta da zuciya suke yi, suna hawa kamar tururuwa.

Suka nufi ƙofa, ƙofar da suka danne da hannunsu.

A daidai lokacin na sauka daga tasi, jama'a na fitowa daga sallar la'asar. Kuma a daidai lokacin Ammu Turki ya zo da Abubakar mai turare, cikin farar jallabiya mai guga, zai nuna masa wurin daga waje tun da ya ji ba na nan. Ƙofar karaj tana girgiza, ana dukanta daga ciki.

"Ya Hajja, me kika kulle a ciki?" in ji Turki.

"Barkono."

"Barkono ne ke kiran sunan Allah?"

Malam Jibril ya ce a ɗaga ƙofa, rai ake ceto. Na ce kada a ɗaga gaba ɗaya, a fara jiƙa mayafi a rufe hanci. Wa zai saurari tsohuwa? Maza shida suka sa hannu suka ɗaga ta sama lokaci guda, fanka kuma tana nan tana aikinta.

Jan hayaƙi ya fito ya rufe layin. Masallata suka watse suna atishawa, takalma a hannu. Wata bas cike da alhazan Indonesiya da ta tsaya a bakin hanya ta rufe tagogi, suna ɗaukar hoto ta gilashi. Mai shagon ruwan lemo ya sauke ƙofarsa. Jallabiyar mai turare ta koma kalar miyar taushe. Sai ga jikana ya rarrafo, ja tun daga ƙwal-kwabo har takalmi, majina da hawaye sun yi masa hanya biyu a fuska, jita na jan ƙasa a bayansa. Hadi ya wuce kowa a guje ya tsoma kai a bokitin mai wankin mota.

Ni kaɗai ce a tsaye, mayafi a hanci. Shekarun da na yi a cikin barkono sun wuce a ce ya ba ni kunya a gaban mutane.

Abdulwadud ya ɗago kai da ƙyar. "Sitti... mutum nawa... suka kalla?"

Na cire takalmina.

Turki yana tari yana murna. "Shaidu! Kun gani! Ya Shaikh Jibril, ka kawo ƙara ko ba ka kawo ba?"

Malam Jibril ya yi atishawa sau uku, ya dube ni da jajayen idanu, ya ce, "Hajiya, ki yafe ni. Na kawo."

"Khalas! Wata na kamawa ki ba ni makulli."

Barkonon Hajji ya tafi a iska, ga karaj zai bi shi. Amma ban saba roƙo a titi ba. Na kwance makullin daga bakin zanena na miƙa masa. "Me ya kai mu jiran wata? Ga shi. Shiga da baƙonka ya ga shagonsa."

Abubakar ya toshe hanci ya taka ciki. Taku biyu ya yi ya fito da baya. Barkonon ya shiga katifu, ya shiga silin, ya shiga ramukan bulo da cikin mataccen mukayyif. Ya ciro kwalbar ud daga aljihu ya shinshina don ya farfaɗo, ya dubi kwalbar, ya sake shinshinawa.

"Ya Turki, ud ɗina ƙamshin tsire yake yi."

"A wanke! A yi fenti!"

"Ko shekara aka yi ana wankewa, mai sayen turare da hanci yake saye. Ma'assalama."

Turki bai haƙura ba. Ya sa aka wanke, ma'aikatan suka gudu kafin azahar. Ya kawo tela, tela ya ce zai rasa masu ɗinki. Ya kawo mai wanki da guga, shi kuma ya tambaya ko so ake a riƙa mayar wa alhazai harami mai sa ƙaiƙayi. Ni dai ina sama ina shan shayina, ina jin atishawarsu tana hawowa ta taga.

Ranar da ya hau bene da kansa, makulli a hannu, na bar shi a tsaye ya ɗan jima.

"Ya Hajja, alkawarin da na yi wa marigayi ya hana ni barci."

"Allah sarki. Ai ni na fara neman wani wuri a unguwar Shisha."

"Haba, ya Hajja! Mu da muke kamar 'yan uwa?"

"Wurin Shisha mukayyif ɗinsa na aiki."

Washegari aka kawo sabo. Ya kuma maimaita alkawarin a gaban Malam Jibril, wannan karon ba sharaɗin ƙara, don Malam ya ce shi ya gaji da zama shaida.

Shi kuwa gogan, muryarsa ba ta dawo ba sai bayan Arfa. Tana dawowa ya sauka wurin mai shayi yana cewa dabara ce ya shirya tun farko don ya ceci karajin kakarsa. Kuma wai hoton ya zagaye China, ya tsallaka har inda Ɓerayen suka taɓa yin wasa. Wannan kam gaskiya ne, ya nuna min. Shugabansu ya aiko da saƙon murya, waya ta juya mana shi da Larabci: tun da suke yawo a duniya ba su taɓa jin ihu na gaskiya irin wannan ba, kuma jan hayaƙin nan wane kamfani ne ke yin sa? In sun zo wasa Jidda suna so ya hau dandali ya maimaita, daidai yadda ya yi.

Ya shiga banɗaki ya gwada. Abin da ya fito kamar ɗan akuya ya ɓace wa uwarsa. Ya sake gwadawa, Malam Jibril ko tagarsa bai buɗe ba.

Da yamma sai ga shi a ƙofar karaj, yana murza hannu.

"Uwargida ran gida."

"Faɗi."

"Ɗan barkono kaɗan za ki taimaka min da shi. Ko rabin daro. Don fasaha."

Na dube shi, na dubi buhunan busasshen barkonon da na sayo na maye wanda ya watsar, ga masu tsire sun dame ni da aike. Na ce ya shigo. Na ɗaura masa ƙyalle a hanci, na kashe fanka, na jawo turmi gabansa, na ɗora masa taɓarya a hannu.

"Daro shida ka zubar. In ka cika su, na bakwai naka ne, ka kai wa China."

Yana nan yana daka har yanzu, da rigar fatarsa. Jiya Malam Jibril ya leƙo ya ce wannan bugun ya fi na rufin bene tsari nesa ba kusa ba. Abdulwadud ya share gumi ya ce ai dama daga ganga ake farawa.